Mutumin da Ya Yi wa Tafki Aski

In ka zo ƙauyenmu kana neman Basyuni, ba wanda zai nuna maka ƙofar gidansa. Ruwa za a nuna maka. Ka tsaya a bakin Lungu, kusurwar tafkin da muke su, ka duba can wajen tsakiya, za ka hango wani abu a tsaye kamar turken da aka kafa aka manta, ruwa iya ƙirji, da 'yar farar hula a samansa. Ba turke ba ne, shi ne. Zalɓe ya sha sauka a kafaɗarsa ya huta, ya yi abin da zai yi, ya tashi, Basyuni bai ko juya wuya ba. Wannan da idona na gani. In ma ba ni na gani ba, wadda ta gaya mini ba ta yin ƙarya sai ranar kasuwa.

Ni maƙwabciyarsa ce tun ina amarya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma ba ta fi gurasata kauri ba. In ya yi atishawa a ɗakinsa, daga nawa nake yi masa addu'a. Saboda haka kada wani ya ce mini ba haka aka yi ba.

An ce a cikin kwale-kwale aka haife shi, uwarsa na tsakiyar taya ubansa jan koma. Ta ajiye shi a kwandon karfasa ta koma aikinta, da aka isa kasuwar Baltim saura ƙiris a ɗora shi a sikeli tare da sauran. Wai abin da ya cece shi, mai sayen ya duba ya ce wannan ba zai yi daɗin gashi ba. Tun daga nan halin kifi ya bi shi: ido a buɗe, magana babu. Gaisuwa ma da gira yake amsawa. Masunci ne kamar ubansa, bai fi kowa ba, ba a fi shi ba. Bai taɓa zuwa Alƙahira ba, bai taɓa cewa yana son zuwa ba, bai taɓa cewa ba ya so ba.

Allah da ikonsa sai ya haɗa shi da Nagiya, wadda ko barci take yi sai ta ba matashin kai labari. Ita ke yi musu magana su biyun. In aka tambaye shi lafiya, ita za ta ce lafiyarsa lau sai ɗan ciwon baya. Cinikin kifi ita ce, faɗa da maƙwabta ita ce, kuma ni ce maƙwabtan. Ta ce agwagina ɓarayi ne sun gado uwar gidansu, in ce bakinta ya fi ƙofar Lungu faɗi, can da yamma ta miƙo mini shinkafa ta saman katanga tana cewa in ci in samu ƙarfin zagin gobe. Shi dai yana gefe yana ɗinkin koma, lokaci-lokaci ya gyaɗa kai kamar mai bin liman. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Sabrin.

Nagiya na da mundaye biyu na azurfa a ƙafa, irin na da, masu kauri kamar igiyar ɗaure jirgi. Na kakarta ne, suka zo ga uwarta, suka zo gare ta. A wajenmu haka ake yi: ranar lalle uwa ke cire su daga ƙafarta ta sa wa 'yarta, duka biyun, a gaban mata. Amaryar da ta fita da ƙafa ɗaya a sake, tsofaffi kan ce aurenta zai yi ɗingishi. 'Yan matan yanzu dariya suke yi wa maganar, amma kada ka yi ta a gaban Nagiya. Tun Sabrin na rarrafe take kama ƙafar yarinya tana aunawa da yatsu, tana ce mata ta yi ta cin abinci kada kayan kakarta su zube a hanya. Ba ta cire su ko a ruwa. In tana tafe suna karo da juna, ƙal-ƙal, tun daga masallaci za ka ji ta, ka samu lokacin ɓoye abin da ba ka so ƙauye ya sani.

Lungu kuwa, inda muke samun abin sawa a tukunya, wata kusurwa ce ta tafkin Burullus da doguwar ciyawar kacala ta zagaye, ta bar mata 'yar ƙofa ɗaya zuwa babban ruwa. Ta baya magudanar gonakin shinkafa ke zubowa a ciki. Babban tafkin tun ina yarinya ya fara komawa miyar lalo, amma Lungu garau yake, ka jefa allura ka ga inda ta kwanta, ka ga kifin da ya zo ya sunsune ta. Ƙasansa duk hamul ce, wannan ciyawar ta ƙarƙashin ruwa mai tsawo da siranta kamar gashin mahaukaciya, da zafi ya shigo sai ta taso har sama. Ba mai ƙaunarta. Ta naɗe koma, ta shaƙe farfelar inji, ta kama ƙafar mai wanka. Rabin zagin da mazan garin nan suka iya a kanta suka koya. Har magana muke da ita: hamul 'yar gata ce, ba ta zama sai a ruwa mai tsabta.

Kowace shekara kafin zafi maza kan ɗaura wata tsohuwar sarƙa mai nauyi tsakanin kwale-kwale biyu, su ja ta a ƙasa ta tsinke ciyawar. Kowane gida ya yanki hanyarsa daga gaɓa zuwa ƙofar Lungu, faɗin jirgi ɗaya, shi ke nan. Abin da aka yanko a jibge shi a gaɓa ya bushe, a shimfiɗa wa ɓaunar gida da muke kiwo. Sauran ba a taɓawa. Kada ku ɗauka hikimar kakanni ce. Lalaci ne. Ni na sani, don mijina Rizk shi ne shehin wannan ɗariƙar. Hanyar gidanmu a ruwa, in agwagi biyu suka haɗu sai ɗaya ta ja da baya.

Shekarar da aka sa bikin Sabrin da wani mai ɗaura tayil ɗan Baltim, aka ce sai an yanke shinkafa, wata safiya Nagiya ta fita duba tarkunan kifinta. Haka take yi kullum: ta shiga da ƙafa, ruwa iya ƙugu, ta bi tarkunan da ta dasa cikin hamul daga wannan bakin kacala har wancan, tana yi wa kifi surutu. Hantsi ya yi ba a ji ƙal-ƙal ba. Wajen azahar ƙaninta Mitwalli, mai jirgin inji, ya same ta a kife, iska ta tura ta jikin kacala, hamul naɗe da ƙafafunta. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Dama ta kwana biyu tana cewa ƙirjinta kamar an ɗora dutsen niƙa, amma wa zai ware wannan daga cikin maganganu dubun da take yi a wuni?

Ina cikin masu wankan gawar. Ƙafar hagu da munduwa. Ta dama babu, sai farin zobe a fata inda rana ba ta taɓa gani ba. Muka cire ɗayar na naɗe a ƙyalle. Basyuni ya wuni a rumfar ta'aziyya kamar buhun gishiri, ana miƙo masa hannu yana miƙawa, idonsa a bushe ƙamas. Da mutane suka watse na kai masa a ƙofar gida. Ya warware ƙyallen ya jujjuya ta.

"Ɗayar fa?"

Na ce ba mu gan ta ba, Baban Sabrin, da alama ruwa ya ci. Ya mayar da ƙyallen ya naɗe. Iyakar maganar da ya yi a zaman makokin nan ke nan, kuma ga Basyuni wannan huɗuba ce.

Ana tashi daga makoki ya shiga ruwa. Da farko da hannu yake yi: ya sunkuya, ya buɗe hamul kamar mai duba ƙwarƙwata, ya leƙa ƙasa, ya matsa gaba. Ruwan garau, komai yana gani. Ya tsinto butar shayi, da takalman da ba su da 'yan'uwa, da haƙoran roba na wani tsoho da ya rasu tun ina goyon fari, da wuƙar Rizk wadda ya rantse mini sace ta aka yi. Duk ya jera a gaɓa, mai abu ya ɗauki abinsa. Munduwa dai babu. Ba wanda ya san inda Nagiya ta faɗi, tunda iska ta ɗauke ta daga wurin, tarkunanta kuma ko'ina suke. Hamul kuwa yana buɗewa tana rufewa a bayansa, gobe ba zai gane inda ya duba jiya ba. Kowa ya ce masa azurfa ba ta iyo, tana ƙasa, ciyawar ce ta rufe ta.

Sai ya ɗauko sarƙa. Ba lokacinta ba ne, an riga an yanke hanyoyi, kuma aikin jirgi biyu ne. Shi ya kafa turke ya ɗaura bakinta ɗaya, ɗayan a gindin kwale-kwalensa, ya riƙa kewayawa da gora kamar saniyar da ke juya abin ban ruwa. Ya aske da'ira tas, ya rungumi abin da ya yanke ya kai gaɓa, ya zauna ya jira laka ta kwanta, sannan ya bi wurin a hankali kansa a sunkuye. In bai gani ba ya tuge turke ya matsa gaba.

Kallonsa muke yi daga gaɓa muna cewa Allah sarki. Sai wani ya jefa koma a ɗaya daga cikin wuraren da ya aske. Koma ta sauka sumul, ta fito ko tsinke babu, cike da karfasar da ta rasa wurin ɓuya. Washegari tausayin Basyuni ya kama duk mazan ƙauye. Mitwalli ya zo da jirginsa, ya ce haramun ne a bar mijin yayarsa shi kaɗai da wannan aiki. Ya faɗa yana share hawaye da hannu ɗaya, ɗayan yana shafa farfela. Aka aro sarƙa ta biyu daga ƙauyen gaba. Kowa ya shiga don Nagiya, kowa da komarsa a gindin jirgi, ko da za a dace. Har Rizk ya tashi. Na fito ƙofar gida na ga mijina yana jan sarƙa, na koma ciki na sake fitowa ko idona ne. Mitwalli ya ce masa ya yi a hankali kada gumi ya fito, jikin bai san shi ba, zai ɗauka cuta ce.

Tsibin hamul a gaɓa ya yi tsawo har ladan ya yi ƙorafi wai yana tare masa murya, mutanen unguwar gabas sun daina jin kiran asuba. Su dai ba su yi ƙorafi ba. Kifi muka ci a watannin nan, gasasshe da soyayye, da shinkafa, da gurasa, da wanda aka danna a tulu da gishiri, har kyanwa in aka miƙa mata sai ta kau da kai. Mata na kai shayi bakin ruwa, samari na waƙa a kan sarƙa. Ban taɓa ganin makoki mai ƙiba irin wannan ba. Basyuni yana bayan sarƙar, ruwa iya ciki, kansa a ƙasa. Bai ce a ja ba, bai ce a tsaya ba. In aka miƙa masa shayi ya sha, in aka manta bai tambaya ba.

Abin da ya fara canzawa, laka ta daina kwanciya. Da, in sarƙa ta wuce, kafin a shanye kofi ruwa ya koma garau. Yanzu iskar arewa na ɗan kaɗawa sai ƙasan ya tashi gaba ɗaya, ba saiwar da ta riƙe shi. Sai zafi ya shigo da ƙarfinsa, manoma suka saki ruwan gonakin shinkafa da takin zamaninsa, magudana ta kawo mana kamar yadda take kawowa kowace shekara. Ruwan ya yi ɗorawa-ɗorawa, sannan ya fara kore. Basyuni ya daina ganin ƙasa, yana ganin yatsun ƙafarsa. Sai ya daina ganin su, yana ganin gwiwa. Wata rana na hango shi ya tsoma hannu a ruwa yana kallon wurin da ya kamata hannun ya kasance. Ya daɗe a haka.

Muka ce ragowar hamul ce ke ruɓewa tana ɓata ruwa. Abin da ya fi kama da hankali ke nan: 'yar gata ta ga gida ya yi datti tana mutuwa, gara a kwashe ta kafin ta ƙarasa shi. Aka ƙara himma. Aka bi har jikin kacala aka aske, ko gashin baki ba a bar wa Lungu ba.

Sabrin ce kaɗai ta taɓa cewa a bari, ita ma ba don ruwan ba. Yarinya ce mai shiru, uban ta gado. Wata yamma ya fito, fatar ƙafarsa ta yi fari ta yi laushi kamar gurasa a miya, ta kawo masa ruwan famfo yana wankewa. Ina jin su ta katanga.

"Baba, ka bari haka. Ɗayar ta ishe ni."

Sai ƙarar ruwa a ƙafarsa. Ta ƙara:

"Dangin mijin ma ba su san da al'adar ba. Doguwar riga zan sa, wa zai leƙa ƙafata?"

"Uwarki biyu ta ce."

"Inna ta ce abubuwa da yawa, Baba."

"Wannan ta fi faɗa."

Na jira in ji ƙari har kunnena ya yi zane a jikin katanga. Ba su ƙara ba, sai ƙarar cokali a kwano.

Koren ya yi kauri. Ba irin gansakukar da ka sani a jikin randa ba, wannan ruwan ne kansa ya zama ita, sama kuma ya yi ɓawo kamar fenti, iska na tara shi a gaɓa. Fararen agwagina suka shiga suka fito launin ƙubbar masallaci. Ɓauna ta sunsuna ta juya. Yara suka fara susa. Ka jefa dutse sai ya tsaya ya yi shawara kafin ya nutse. Wari kuwa, wanki in ka shanya sai ka sake wankewa.

Sai aka yi wasu kwanaki na zafi, ba iskar da za ta kaɗa ko gashin ido. Wata safiya muka fito, Lungu fari fat. Karfasa ce, ciki sama, daga gaɓa har ƙofa, manya da 'ya'yansu. Tarwaɗa, wadda ko a kwata take rayuwa, ta taso tana haɗiyar iska kamar tsoho mai asma. Ba wanda ya yi ihu. Maza suka tsaya a jere hannu a baya kamar masu jiran a fito da gawa. Can wani ya ce a kawo kwanduna. Aka kwashe, aka haƙa rami bayan gonaki aka binne. Basyuni ya ratsa ta tsakiyarsu yana ture kifi da ƙirji, ya tafi inda ya tsaya jiya.

Daga ranar kowa ya zama malami. A shagon shayi aka warware komai. Ashe hamul ce ke shanye takin da magudana ke kawowa, ba ta rage wa koren abin da zai ci. Ita ke danne laka da saiwa. A cikinta 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa ke ɓuya daga bakin kifi, su kuma koren ne abincinsu. Juya maganar muka yi tun kaka da kakanni: ba ita ke neman ruwa mai tsabta ba, ita ke tsabtace shi. 'Yar gatan da muke zagi ashe ita ce mai sharar gidan. Rizk ya ce shi tun da can ya sani, shi ya sa bai taɓa faɗaɗa hanyarmu ba. Na ce haka ne, shehi, shi ya sa ma ba ka taɓa gyara rufin ɗaki ba, kana kiyaye haƙƙin ruwan sama.

Ba wanda ya yi wa Basyuni faɗa. Ba a faɗa da turke. Kuma duk hannun da zai nuna shi, akwai kantar sarƙa a tafinsa. Maza suka koma fita babban tafki, su wuni su dawo da abin da bai rufe gindin tukunya ba. Samari suka watse, wasu gonakin kifi, wasu jiragen teku. Mitwalli ya je can wata kusurwa mai nisa ya ciko jirgi da hamul mai saiwa ya dasa. Ba ta ga rana ba ta cikin koren nan, ta ruɓe. Ya sake, ta sake. Ya bari.

Basyuni ya ajiye sarƙa tunda ba sauran abin aski. Ido ya daina amfani, sai ya koma ƙafa. Ya riƙa takawa a hankali yana cusa yatsu cikin laka, ya ja, ya ɗaga, ya matsa. Shi ya sa daga nesa kamar ba ya motsi. In ya ji ƙarfe sai ya nutsa ya ɗauko ya duba. Gwangwani, ƙusa, murfin tukunya.

Aka yanke shinkafa, biki ya zo. Ranar lalle ni aka ce in tsaya a madadin uwa. Na sa wa Sabrin munduwa a ƙafar hagu. Na riƙe ta damar a hannuna ban san abin da zan yi da ita ba, sai na ƙara mata lalle na ajiye. Tsofaffi suka kalli rufi. Aka yi guɗa, irin wadda ake yi don kada a ce ba a yi ba. Da amarya ta tashi tafiya, munduwa ɗaya ba ta da abokiyar karo, ko ƙal ba ta ce ba. Dangin ango suka zo daga Baltim da hankici a hanci suna cewa masha Allah, gari mai albarka. Kifin da aka ci a bikin 'yar masunci jikar masunci, daga gonar kifi aka sayo shi a mota, cikin ƙanƙara. Na ci, kamar ina tauna audugar katifa. Basyuni ya fito daga ruwa da la'asar ya sa farar riga, farcensa duk kore, sabulu ya kasa. Ya zauna inda aka zaunar da shi. Da mota ta tashi da amarya ya ɗaga hannu, ya bar shi a sama har bayan ta sha kwana, kamar ya manta nasa ne. Da safe yana ruwa.

Na ce tunda biki ya wuce zai gaji. Bai gaji ba. Auren dai bai yi ɗingishi ba, da ya yi da na ji, amma wa zai gaya wa turke?

Tsibin nan na gaɓa sai da ya ci sanyi biyu ana ɗiba ana shimfiɗa wa dabbobi. Aka cinye shi saura gindin, can ɓangaren da Basyuni ya fara jibgewa shi kaɗai kafin ƙauye ya kamu da tausayi. Na kori Rizk ya ɗebo wa ɓaunarmu, bayan na yi ta magana har muryata ta dushe. Ya tafi yana jan ƙafa, ya soka manjagara, sukar farko, ya ji ƙal.

Munduwar ce. Ta yi baƙi ƙirin, hamul ta naɗe ta kamar gashi a jikin mataji. Tun farkon aikin, sarƙar Basyuni ta tsinko ta tare da ciyawar da ta riƙe ta, shi da kansa ya rungumo ta a ƙirji ya kawo gaɓa ya jibge, ya koma yana duba ƙasa. Ba ta taɓa isa ƙasan ba. Duk askin da aka yi wa Lungu tana gaɓa tana shan rana, muna wucewa ta gefenta da tiren shayi.

Muka jira ya fito. Na tanadi babban hankici, na ce yau dai za a ga hawayen Basyuni, in samu abin ba jikokina labari. Rizk ya miƙa masa. Ya karɓa, ya cire busasshiyar ciyawar sili-sili, ya goga a rigarsa.

"Ita ce."

Ya tambayi inda aka samu, Rizk ya nuna da haɓa. Basyuni ya kalli gindin tsibin, ya kalli Lungu, kore shar har ƙofa. Na matso da hankici.

"To," ya ce. Ya sa a aljihu ya shiga gida. Na manna kunne a katanga, na ji ya ɗora buta a wuta.

Washegari ya shiga motar Baltim. Abin da ya faru can daga bakin Sabrin na ji daga baya. Ta yi nauyi a lokacin, ƙafafu sun kumbura kamar tulu. Ya durƙusa a kan tayil ɗin mijinta ya gwada sa mata, ta ƙi shiga. Ya gwada da sabulu. Surukarta na tsaye tana cewa a ƙyale yarinya, wa ke sa irin wannan yanzu, sai ka ce fursuna. Sabrin ta karɓa ta ce na gode Baba, ta buɗe durowa ta ajiye ta kusa da 'yar'uwarta. Ta ce da ta tura durowar ta ji sun yi karo. Ya sha shayi ya kamo motar azahar.

Da safe na fito zuba wa agwagi, na gan shi a bakin ruwa yana naɗe wando. Na ce, Baban Sabrin, yanzu kuma me ya rage a ciki? Ko an ce maka Nagiya ƙafa uku gare ta? Fuskarsa ta motsa kamar zai yi dariya, ko kuma atishawa ce ta fasa zuwa.

"Ƙafar ce ta saba," ya ce. Ya shiga.

Wasu na cewa yanzu tsiron hamul yake lalube, in ya ji ɗaya sai ya kafa kara a gefensa don jirage su kauce. Akwai 'yan karare a tsaye can jikin kacala, gaskiya ne, amma ni ban ga ciyawa ba, kuma ban tambaya ba. An ba ni amsa ɗaya, ba na son haɗama. Sarƙar tana gaɓa ta yi tsatsa. Ba a ƙara yanke hanya ba, Lungu duk hanya ne yanzu. Da zafi kore, da sanyi ya ɗan sassauta zuwa ruwan toka. Bana da tsakiyar sanyi ya fito ya tarar da Rizk a gaɓa, ya ce masa yau ya ga gwiwarsa. Rizk ya ce masha Allah. Suka zauna suna kallon ruwan har aka kira la'asar.